Yaya ake haɗa harbe-harbe da tashin bam a finafinan 'yan sanda da 'yan leƙen asiri?

Ɗan Zaure:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san aikin fim ta bayan kyamara ce. Duk mai kallon finafinan da 'yan sanda ko 'yan leƙen asiri ke farautar 'yan ta'adda, na Indiya ne ko na Amurka, ya san yadda harbinsu ke ratsa jiki: wuta a bakin bindiga, kwanso na tsalle, bango na tashin ƙura, mutum ya zube riga jina-jina. Amma da an zo kan yawancin namu na gida, ko yaron goye ya san wasa ake yi. Ina bambancin yake? Bindigar gaske suke harbawa? To bam ɗin fa? Kuma in 'yan ƙungiya ƙarama suna son yin gajeren fim na minti 20, kyamara ɗaya, kwamfuta ɗaya, me za su iya kwaikwaya ba tare da sun raunata wani ko sun kwana a bayan kanta ba? Don Allah a warware mana dalla-dalla, kar a ce mana "sai da kuɗi" a wuce.

Mai Kayan Lokeshan:

Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ɓangaren bindiga, don nan ne ake rasa rai.

Bindiga iri uku ce a babban lokeshan. Akwai ta roba zalla, wadda ake gudu da ita, a faɗi da ita, a maka wa mutum gindinta a ka. Akwai ta kwaikwayo mai aiki da gas, wadda samanta ke ja baya in an danna kunama amma ba albarushi a cikinta. Sai ta gaske da aka yi wa gyara don ta ci harsashi marar kai, wato kwanso da albarushi kawai, an matse bakinsa, babu dalmar da za ta fita. Gyaran dole ne ga bindiga mai sarrafa kanta: ƙarfin hayaƙin da ke taruwa a bayan dalma shi ke tura ƙarfen ciki baya, ya tofar da kwanso, ya ɗauko sabo. In babu dalma hayaƙin zai fice salin-alin, bindiga ta yi harbi ɗaya ta cije. Shi ya sa ake ƙuntata bututun daga ciki don hayaƙin ya sami abin turawa. Albarushin ma mataki-mataki ne, akwai cikakken awo, rabi, da kwata, gwargwadon kusancin mutane da girman wutar da darakta ke so.

Kar kalmar "marar kai" ta yaudare ka, yana kisa. A 1984 wani jarumin talabijin a Amurka, Jon-Erik Hexum, ya ɗora irin wannan bindiga a gefen kansa da wasa ya danna, ƙarfin iskar kaɗai ya fasa ƙashin kan, ya mutu bayan kwanaki. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu ana ɗaukar fim ɗin The Crow: kan wani harsashin ado, wato mai kai amma babu albarushi, wanda ake nuna wa kyamara, ya maƙale a cikin bututu tun a wata fitowa ta baya, ba wanda ya leƙa, da aka saka marar kai aka harba sai ya turo wancan kan kamar harsashin gaske. A watan Oktoban 2021 kuma mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta mutu a lokeshan ɗin fim ɗin Rust a jihar New Mexico, saboda harsashi mai rai ya shiga cikin na ado. Kotu ta ɗaure mai kula da makaman fim ɗin wata 18 a 2024. Waɗannan fa wurare ne masu ƙwararren da ba shi da wani aiki sai tsare bindiga, ya buɗe ta, ya haska bututu da tocila, ya nuna wa jarumi kafin ya miƙa masa.

Don haka ɗan'uwa, ku da bindigar gaske ko a mafarki. Kar ku ari ta ɗan banga, kar ku ari ta maharbi, ko da an rantse muku babu komai a ciki. Ku nemi ta roba ko ta katako, a yi mata baƙin fenti marar sheƙi, a goga ɗan ruwan azurfa a kusurwoyin da hannu ke yawan taɓawa don ta yi kamar ta sha aiki. A cusa mata ƙarfe ko yashi a ciki ta yi nauyi. AK-47 da harsashinta ta haura kilo 4, kuma abin da ke fara tona asirin fim shi ne ka ga jarumi na wulwula ta da hannu ɗaya kamar muciya.

Sauran aikin na jikin ɗan wasa ne. Yatsa a miƙe a gefen bindiga, ba a kan kunama ba, sai lokacin harbi. Gindin bindiga a dafe a kafaɗa, kunci a jingine, jiki ya ɗan rusuna gaba. Girgizar harbi daga kafaɗa take zuwa, gajeriya, baya ta fi yi, bakin bindiga ya ɗan ɗaga kaɗan. A kuma ƙirga harsashi: gidan harsashin AK guda 30 yake ci, tana aman kusan 600 a minti, ke nan in aka danne kunama sakan 3 ya ƙare. Jami'in da ya san aiki bibbiyu ko uku-uku yake saki, ya sauya gidan harsashi a bayan abin kariya. Ku nuna wannan sauyin ko sau ɗaya, zai fi muku harbi ɗari.

Kafin ku fito da ko da bindigar roba ce kan titi, ku kai takarda ofishin 'yan sandan yankin, ku sanar da mai unguwa, ku sa mutum biyu a bakin layi suna gaya wa masu wucewa fim ake yi. A halin tsaron da ake ciki, samari da rufaffiyar fuska da bindiga a lungu, ba wanda zai tsaya tambayar ina kyamara. Kakin 'yan sanda ma sai da izini. A 2022 rundunar 'yan sandan Najeriya ta fito ta gargaɗi masu fim da masu barkwanci kan saka shi ba tare da amincewarta ba.

Hajiyar Editin:

Malam Mai Kaya ya gama da hannu, ni zan yi maganar ido da kunne. A ganina kashi mafi girma na abin da Ɗan Zaure ke ji "yana ratsa jiki" ba a lokeshan ake yin sa ba, a kan kwamfuta ne.

Ko manyan kamfanonin da ke harba marar kai sukan ƙara wutar daga baya. Dalili: a firem 24 cikin sakan, wato hotuna 24 da kyamara ke ɗauka a kowane sakan, idon kyamara a buɗe yake rabin lokaci kawai, wutar bakin bindiga kuwa ba ta kai ƙiftawar ido ba, sau da yawa takan faɗo daidai lokacin da idon ke rufe, ko a kama rabinta. To ga yadda ake sa ta, ko da manhajar editin ta DaVinci Resolve ta kyauta ce. Wutar firem ɗaya ce tak, in ta yi yawa biyu. Masu barin ta firem biyar ko shida su ne ke sa ta zama kamar fitilar aci-balbal. A yi amfani da hoton wuta daban-daban, kar a maimaita guda ɗaya, a juya shi ya bi inda bakin bindiga ya dosa. A wannan firem ɗin dai a ƙara haske a fuskar mai harbi, hannunsa, da bangon da ke kusa, domin wutar da ba ta haska komai ba ido ba ya yarda da ita. Sai ɗan hayaƙi da zai watse a firem goma zuwa sha biyar, da kwanso mai fita ta dama. In harbin jere ne na AK, guda 10 ne a sakan, wato wuta ɗaya a kowane firem biyu zuwa uku. Da tsakar rana kuma wutar kusan ba a ganin ta, ƙura da hayaƙi ne suka fi fitowa. A rage ta sosai.

Sauti kuwa, harbi ɗaya ba ƙara ɗaya ba ne. Ana jera aƙalla huɗu: ƙarar ƙarfen ciki, ainihin fashewar, amsa-kuwwar wurin, da faɗuwar kwanso ko bugun harsashi a bango. Amsa-kuwwar nan ita ce ke gaya wa kunne inda ake. Harbi a cikin ɗaki gajere ne mai toshe kunne, a tsakanin dogayen gine-gine yana dawowa sau biyu sau uku, a fili kuma ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa har yau masu sana'ar ke misali da artabun tsakiyar birnin Los Angeles a fim ɗin Heat na 1995, inda darakta Michael Mann ya bar sautin da aka naɗa a wurin maimakon na situdiyo, saboda yadda gine-ginen suka riƙa mayar da ƙarar. Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne a sauko da "tau" guda ɗaya daga intanet a manna wa kowa, ɗan sanda da ɗan ta'adda, na kusa da na nesa.

Nisa ma yana da lissafi. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a sakan. In bam ya tashi kilomita ɗaya daga inda jarumi yake, a nuna hayaƙin tukuna, a yi shiru na sakan 3, sannan ƙarar ta iso, tagogi su girgiza. Ba ya cin ko sisi, amma mai kallo zai ji tsigar jikinsa ta tashi.

Wurin ɗauka, ku ja layi a ƙasa tsakanin ɓangarorin biyu, kyamara ta zauna gefe ɗaya na layin. In 'yan sanda na harbi daga hagu zuwa dama, 'yan ta'adda su mayar daga dama zuwa hagu har fitowar ta ƙare. Da kun tsallaka layin, sai a ga kamar kowa abokinsa yake harbi. Kuma kafin harbin farko a ba mu hoto ɗaya mai faɗi: ga ƙofa, ga mota, ga inda aka tsare mutane. Girgiza kyamara ba ya maye gurbin wannan.

Ɗan Zaure:

Allah ya saka da alheri, Hajiya. Lissafin sakan ukun nan ban taɓa kawo shi a raina ba. Saura bam da jini. Wasu sun ce a zuba fetur a gwangwani a cinna daga nesa, haka ne?

Injiniyan Ƙura:

A'a, kar ku kuskura. Wanda ya ba ku wannan shawara ba zai raka ku asibiti ba. Gaskiya ne ƙatuwar jar wutar da ake gani a fim ta man fetur ce, amma masu lasisi ke tayar da ita, a cikin tukwanen ƙarfe masu kauri da ke tura wutar sama, da awon nisa, da motar kashe gobara a tsaye. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je inda ba ka zata ba, a zafin Afrilu kuwa kafin ka kai hannu ya riga ya kewaye ƙafafunka.

Abin da zai faranta muku rai shi ne, bam na gaske ba ya yin wannan wutar. Walƙiya ce ta ɗan lokaci, sai toka-tokar ƙura, baƙin hayaƙi da tarkace. Gurneti ma haka: sakan 4 zuwa 5 bayan an saki hannunsa, ƙara da ƙura, ɓaraguzan ƙarfensa ke kisa, ba ya ɗaga mota sama. Ke nan wanda ya yi da ƙura ya fi mai fetur kusa da gaskiya.

Iska ce za ta yi muku aikin. A sami tankin iska irin na mai faci, a haɗa shi da bawul mai buɗewa gaba ɗaya lokaci guda, da guntun bututun ƙarfe mai faɗi da aka binne bakinsa na kallon sama, ya ɗan karkata nesa da mutane. Kar a sa bututun roba na ruwa, in ya fashe tsinke-tsinke yake yi. A cika bakin da busasshiyar ƙasa da aka tankaɗe sau biyu, da gutsattsarin soso da kwali da aka shafa wa kalar bulo. Ban da tsakuwa, ban da siminti don yana ƙona ido, ban da fulawa don ƙurarta na kamawa da wuta. A fara gwaji da iska kaɗan babu kowa a wurin, a riƙa ƙarawa. Rana ta kasance a bayan ƙurar, nan take fitowa da kauri. A ɗauka da gilashin kyamara mai jawo nesa: yana matse tazara, mutumin da ke taku goma daga bututun sai a gan shi kamar a cikin ƙurar yake. Walƙiyar firem biyu da ƙarar, Hajiya ta riga ta faɗi yadda ake yi.

Jini: kofi ɗaya na ruwan gulukos mai kauri ko zuma, babban cokali ɗaya na jar kalar abinci, ɗigo biyu na shuɗiya, ƙaramin cokali na garin koko don ya yi duhu. Ja zalla a kyamara kamar jan fenti yake fita, ruwan zoɓo kuma ya cika yin shunayya. Na fesawa a tsinka shi da ruwa. Manyan finafinai kan ɗaura ɗan ƙaramin abin fashewa a kan faranti a ƙarƙashin riga, da jakar jini a samansa, amma ku ga mai sauƙi: sabon famfon feshi na manoma wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba, da siririn tiyo da za a bi da shi ta ƙafar wando zuwa ƙirji, a toshe ƙarshensa, a huda gefe, a cika da jini. A tsaga rigar kaɗan da reza daidai hudar, a buga wa famfon iska, a saki lokaci guda. A tanadi riga iri ɗaya guda uku, mai haske, don ba a cika samu a ɗauka ta farko ba. Ku kuma shirya wa ƙuda da kiyashi, zaƙi ne.

Wanda aka harba ba ya tashi sama ya faɗa baya. Da harsashi na da wannan ƙarfin, da mai harbin ma ya kifa. Igiya ce ake ɗaura wa ɗan wasa a fizge shi. Gwiwa ce ke saki, mutum ya sulale inda yake.

Malam Na-Labari:

Duk an yi bayanin kayan aiki, amma ni inda fim irin wannan ke faɗuwa a wurina tun a takarda ne. Marubuci bai san wa ke yin me ba, sai ya ɗauki mutum ɗaya ya ba shi aikin hukuma biyar.

A Indiya, hukumar leƙen asiri ta RAW da aka kafa a 1968 waje take aiki, IB ce ta cikin gida, ATS reshe ne na 'yan sandan jiha mai yaƙi da ta'addanci, NSG su ne dakaru masu baƙaƙen kaya da ake kira in an yi garkuwa da mutane, NIA kuma mai binciken shari'ar ta'addanci ce, an kafa ta ne bayan harin Mumbai na 2008. A Ingila MI5, hukumar leƙen asirin cikin gida, ba ta da ikon kama mutum, sai ta kira 'yan sanda. CIA ba ta kame a cikin Amurka, aikin FBI ne. Interpol da ke birnin Lyon na Faransa ba ta da jami'in da ke tsallaka ƙasa da bindiga ya kamo wani, sanarwa take fitarwa da musayar bayanai. In a Najeriya labarinku yake, tun 1986 aka raba aikin uku: jami'an farin kaya na DSS a cikin gida, tamu NIA ɗin (daban take da ta Indiya) a waje, DIA ta soja. Rikicin da ke tsakanin irin waɗannan hukumomi, wa ya riƙe bayani bai bayar ba, wa ya iso a makare, ya fi kowace fashewa daɗin kallo.

Dubi Mumbai ɗin. Mutum 10 suka shigo ta teku daren 26 ga Nuwamba, aka kashe mutum 166, ba a gama ba sai ranar 29. Dakarun NSG suna kusa da Delhi, ba su iso ba sai da gari ya waye. Shugaban ATS na jihar, Hemant Karkare, a daren farko aka kashe shi. Wanda aka kama da rai guda ɗaya, Ajmal Kasab, ƙananan 'yan sanda ne suka tare shi a shingen hanya, ɗaya daga cikinsu, Tukaram Omble, ya riƙe bakin bindigarsa da hannu har ya rasa ransa. Ba jarumi mai tashi sama a nan.

Kuma aikin jira ne. A ofishin jakadancin Iran da ke Landan a 1980, kwana shida ana lallashi ta waya, farmakin sojojin Birtaniya na musamman, SAS, minti 17. Osama bin Laden kusan shekara goma ana nema, ta hanyar bin sawun ɗan aikensa aka kai ga gidan Abbottabad a Pakistan, samamen 2 ga Mayun 2011 kuwa kusan minti 40. A fim na minti 20, harbin minti biyu ya isa, in an gina sauran sha takwas ɗin da kyau.

Wasu tatsuniyoyi da za ku iya zubarwa: "riƙe shi a waya minti ɗaya mu gano inda yake" zance ne na zamanin wayar girke, yanzu kamfanin waya na da bayanin turken sadarwar da kira ya bi nan take, matsalar ita ce turke unguwa yake nunawa ba ɗaki ba. Hoton kyamarar tsaro da ya dushe ba ya washewa don an ce a ƙara girmansa. Salansar bindiga, wato bututun rage ƙara, ba ta mayar da harbi "fyut", a ma'aunin ƙarfin sauti daga wajen desibel 160 take rage 20 zuwa 35, har yanzu maƙwabta za su ji. Ƙofar mota ba ta tare harsashin AK, injin ne ke tarewa, shi ya sa ake fakewa ta wajen tayar gaba. Masu kwance bam kuma ba sa tsayawa zaɓen jar waya ko shuɗiya, mutum-mutumi suke turawa ya tarwatsa abin da harbin ruwa mai ƙarfi.

Ɗan Gidan Kallo:

Malam Na-Labari, da girmanka, amma a nan ban bi ka duka ba. Wanda ya biya kuɗinsa ya zauna a benci ba darasin tsaro ya zo ɗauka ba. So yake akta ya sha wuya, a kashe masa aboki, a ƙarshe ya riski bos su yi ta hannu da hannu. Masu finafinan Kudancin Indiya sun san mota ba ta tashi sama don an harbi taya, sun kuma san abin da ke sa a yi tafi. Fim ɗin da ya bi gaskiya sak, rabinsa mutane ne zaune a mota suna shan shayi suna kallon wata ƙofa.

Abin da nake ganin ya wajaba shi ne fim ya kafa dokarsa a minti biyar na farko ya tsaya a kanta. In ka nuna mana duniyar da harsashi ɗaya ke kashe mutum, kar a ƙarshe akta ya sha bakwai ya miƙe yana jawabi. In kuma duniyar da akta ke dukan mutum ashirin ce, to a yi ta da gwaninta. Matsalar ƙaramar ƙungiya ita ce ƙarya mai kyau tsada gare ta: igiyoyi, katifun faɗuwa, masu tsalle na haya, motocin fasawa. Gaskiya ta fi araha. Saboda aljihu zan ce Ɗan Zaure ya bi shawararku, ba don wancan salon ba shi da daraja ba.

Sai abu guda da ba a taɓo ba: a kula da yadda ake zana ɗan ta'addan. Finafinan waje da yawa sun mayar da gemu, rawani da sallah alamar mugu, mu kuma muna kallo muna haɗiyewa. In za ku yi naku, ku nuna shi ta aikinsa, wa ke ba shi kuɗi, wa ke kai masa mai da abinci, yaya ya ja yaron unguwa, ba ta suturar da limaminku ma ita yake sawa ba.

Hajiyar Editin:

Ƙarin gyara kaɗan kan bin mota, tunda na ga ba wanda ya ambata kuma nan ne samari ke karya ƙafa. Ba a gudu da gaske. A tuƙa a kilomita 30 zuwa 40 a awa a hanyar da aka tare, a sauke kyamara kusa da ƙasa daidai taya, a bar abubuwa na wucewa kusa da ita, bango, turakun wuta, bishiyoyi. A ɗauka a firem 20 ko 22 a kunna a 24, gudun zai ƙaru kaɗan ba tare da an gane ba; in aka yi ƙasa da haka mutanen gefen hanya za su fara tafiya kamar 'yar tsana. Fuskar direba kuma a ɗauke ta mota na tsaye, mutum biyu na jijjiga ta daga baya, wani na wucewa da reshen bishiya ta gaban fitila don inuwa ta riƙa gilmawa a fuskarsa. Ƙarar inji da ta birki a naɗe su daban a ɗora.